Ba kowace cutar shuka ke jin maganin kwalba ba



Aikinmu na duba makarantun yaƙi da jahilci yana kai mu garuruwa da yawa na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji. Idan an tashi daga karatu, ba a cika barinmu mu kama hanya hakanan ba. Sai wani ya ja mu zuwa bayan gidansa, ko wata ta aiko yaro da ganyen kuɓewa a hannu, a ce mana: "Malam, a duba mana wannan. Wane magani za mu saya?" Mu ba malaman gona ba ne, alli da allo muka koya. Amma tambayar ta yi yawa, har ta sa muka riƙa zama da malaman gona muna yi musu tambayoyi, muna karanta takardun da suke ba mu. Abin da muka fahimta shi ne za mu faɗa a nan, ko da ba zai yi wa masu sayar da magani a kasuwa daɗi ba. Yawancin cututtukan da ke kashe shukar gida ba su jin maganin kwalba. Ana tare su ne tun kafin su shigo. Idan kuwa sun riga sun shigo, hannu da ido sun fi famfon feshi aiki.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. A wani gari na bakin Gulbin Maraɗi, wata baiwar Allah da ke cikin ajin mata ta kai mu garkarta. Fangali shida na tumatir ne, ta kewaye su da darni. Ganyen ya nannaɗe sama kamar cokali, ya ƙanƙance, bakinsa ya yi ɗorawa. Shukar ta tsugune, fure yana fitowa yana zubewa. Ta ce ta sayar da kaza ta sayi kwalba ta jika biyu ranar kasuwa, kuma mai maganin ya rantse mata cewa ba abin da ba ya kashewa. Ta fesa sau huɗu, ba abin da ya sake. Muka ce ta kawo kwalbar aji. Rubutun da ke jikinta da Ingilishi ne, hoton tsutsa da fara ne a kai. Wato maganin ƙwari ne. Ita kuwa cutar tumatirinta ta riga ta shige cikin jikin shukar, inda feshi ba ya kai wa.

Wannan cuta ta nannaɗewar ganye, kamarta ɗaya da zazzaɓin cizon sauro. Akwai wani ɗan mitsitsin farin ƙuda da ke zama a ƙarƙashin ganye. Idan kun girgiza shukar za ku ga yana tashi kamar gari. Shi ke tsotsar ruwan shuka mai cuta, ya je ya tsotsi mai lafiya, ya bar mata ƙwayar cutar, yadda sauro ke yi tsakanin mutum da mutum. Bambancin guda ne, kuma babba ne. Mutum idan zazzaɓi ya kama shi, akwai magani a asibiti. Tumatir ko kuɓewa idan wannan cuta ta kama su, har yau ba a sami maganin da ke warkar da su ba, ko a Turai. Wanda duk ya ce muku yana da shi, kuɗinku yake so.

To, mene ne abin yi? Abin da muke yi wa ƴaƴanmu game da sauro. Irin tumatir ya fi saurin kamuwa tun yana ƙarami a fangalin reno. Idan aka kafa ƴan sanduna aka lulluɓe fangalin da tsohon sange marar huda, aka danne bakinsa da ƙasa, ƙudan ba zai sami irin da sauƙi ba har ranar dashe. Shukar da ta kamu bayan ta girma takan ba da wani abu. Wadda ta kamu tun tana jaririya ba ta ba da komai. Bayan dashe kuma, duk wadda aka ga ta fara nannaɗewa, a tuge ta da saiwarta, a fitar da ita daga garka, a binne ko a ƙona. Kada a jefa ta bakin darni, domin ƙudan zai tashi daga kanta ya koma kan ƴan'uwanta.

Mun san nan ne maganar ke da nauyi. Manomi ba ya son tuge abin da ya shuka da hannunsa, ya yi wa ban ruwa safe da yamma. Sau da yawa an ce mana: "Malam, a bar ta, ko Allah zai sa ta farfaɗo." Mun fahimci wannan tausayi, mu ma mun yi shi a bayan gidanmu, kuma mun yi hasara. Amma a tuna da yadda ake yi idan ƙyanda ta shigo gida: ana ware yaron da ya kamu, ba don an ƙi shi ba. Tushe 3 da aka tuge a makon farko su ke tsirar da 50. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wannan ba sabon darasi ba ne ga mutanen jihar Maraɗi. Mu ba a haife mu ba a lokacin, amma iyayenmu sun ba mu labarin shekarar 1975. A da, gujiya ita ce arzikin wannan ƙasa. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, kamfanin SONARA yana saye yana fitarwa waje. Fari ya riga ya raunana ta a farkon shekarun 1970. Sai a 1975 kuturtar gujiya ta faɗo. Ganye ya murtuke, shuka ta dunƙule wuri ɗaya, aka tona ba ƴaƴa. A arewacin Najeriya kaɗai cutar ta lalata kusan eka dubu 700 na awon hekta, kuma ba ta tsaya a kan iyaka ba, ta cinye gonakin Nijar. Gujiyarmu ta daɗe ba ta koma yadda take ba.

Darɓa ce ke ɗaukar kuturtar gujiya, waɗannan ƴan baƙaƙen ƙwari da ke taruwa a kan toho suna barin danƙo a ganye. Masu bincike sun gano abubuwan da ya kamata kowa ya sani. Cutar ba ta bin iri, don haka ba a cikin buhu take kwana ba. Tana jiran damina ne a jikin shuka mai rai, kamar gyauron gujiya da aka bari a fadama da rani. Sun kuma gano cewa darɓa ta fi sauka a gonar da aka shuka a makare, da wadda aka shuka da tazara mai faɗi, ƙasa tana bayyana tsakanin shuka. Saboda haka shuka da wuri, shuka kusa da kusa, da tuge gyauro, su ne garkuwa, kuma ba a biyan ko dala. Sannan akwai iri mai jure cutar. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da Samnut 24 a shekarar 2011, mai saurin nuna ne kuma yana jure kuturta. Ƴar Dakar da muka saba da ita tana jure fari, amma ba ta jure wannan cuta. Wanda zai sayi iri, ya tambayi wannan kafin ya tambayi kuɗi.

Akwai kuma cututtukan da iri da ƙasa ke ɗauke da su. Hatsi ma yana da tasa kuturtar. Alamarta ta farko, ganye ya yi fari-fari ko ɗorawa daga gindinsa, kuma idan aka juya shi da sassafe, lokacin raɓa, a ga wani farin abu kamar auduga a bayansa. Idan aka bar shi, zangarniya ba ta yin ƙwaya, sai ta fito da ƴan ganyaye kamar gemu. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin shekaru cikin ƙasa tana jira, tana kuma manne wa iri. Lokacin kama ta shi ne wata na farko bayan shuka, wajen noman farko da cira. Mai cira yana duƙe a kan kowane gurbi, ba abin da zai hana shi ganin ta idan ya san ta. Ya cire mai cutar, ya bar mai lafiya. Burtuntuna kuwa, wannan baƙin gari da ke cika ƙwayar dawa, idan aka sussuke kai mai ita tare da masu lafiya, an shafa wa irin baɗi ke nan. Shi ya sa tsofaffinmu ke zaɓen zangarkun iri tun a gona, su ɗaure su dabam, su rataye. Wannan al'ada ilimi ce, kada mu yar da ita don mun ga buhu.

A nan ne kuɗin magani ke da amfani sosai. Akwai garin da ake gauraya wa iri kafin shuka, wanda ke kare tsiro daga cutar ƙasa da ƙwari a makonnin farko. Shi ne kamar allurar riga-kafi ga jariri. Ƴar ledar Apron Star ta giram 10 tana isar kilo 4 na iri, wato kamar tiya ɗaya da rabi ta hatsi. Sauran ire-irensa kowanne da awonsa a jikin leda, sai a karanta. Kuɗinsa bai kai na kwalbar da waccan baiwar Allah ta saya ba. Sai dai guba ne. A gauraya shi cikin rufaffen galan, ba da hannu tsirara ba, ba kuma cikin ƙwaryar fura ba. Irin da ya ragu ba a ci, ba a ba kaji, ba a kai shi kasuwa.

Mu koma garka, domin a can ne mata suka fi yi mana tambaya. Sau da yawa kuɓewa, tumatir ko yalo sukan yi yaushi da rana tsaka ko da ƙasa tana da laima, su ƙi girma. Mai garka ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya fesa ganye. Matsalar kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. A tona tushe ɗaya a duba saiwa. Idan ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, wasu tsutsotsi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suka shige ta. Sun fi son ƙasa mai rairayi irin tamu, kuma suna ƙaruwa ne idan kowace shekara abu ɗaya ake shukawa a wuri ɗaya. Maganinsu canjin wuri. Inda aka yi tumatir bana, kada a bi shi da yalo, tattasai ko tanka, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kuɓewa ma ba ta tsira ba. A sa albasa, ko a bar wurin ga hatsi ko dawa shekara biyu ko uku. A tuge tsofaffin saiwoyi a ƙona, a juya ƙasa da bazara rana ta gasa ta, a zuba ruɓaɓɓen takin gida da yawa.

Amma a kula da wani abu, kada garin gyaran gira a rasa ido. Saiwar wake da ta gujiya su ma suna da ƴan ƙulu-ƙulu, kuma waɗannan alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yadda ake bambanta su: na alherin a gefen saiwa suke manne, ana murza su da yatsa su faɗi, idan aka fasa cikinsu ja-ja ne. Na cutar kuwa saiwar ce kanta ta kumbura, ba ya ɓamɓaruwa.

Wani abin da ke cin kuɗin mutane a banza shi ne baƙin tabo a gindin ɗan tumatir, wajen da fure ya faɗi. Wurin yakan lotsa ya yi baƙi kamar fata. Ba ƙwaro ba ne, ba kuma ya yaɗuwa. Ban ruwa ne marar tsari, yau ƙishirwa gobe ambaliya, har shuka ta kasa kai wa ɗan abincin da yake bukata. A daidaita ruwa, a shimfiɗa ciyawa ko buntu a gindi don laima ta zauna, sai ƴaƴan baya su fito lafiya. Haka kuma tsiron da ke ruɓewa a wuya ya kwanta a fangalin reno, yawan ruwa ne da cunkoso. A shuka a layi da tazara, a ɗaga fangalin, a yi ban ruwa da safe. Mai shan taba ko cin ta kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tumatir da tattasai, domin akwai cutar ganye da ke bin taba.

Kada a ce mun hana feshi. Idan ƙwari ne ake gani da ido, kamar darɓa ko tsutsa, akwai lokacin da feshi ya wajaba. Mu fara da abin da ke ƙofar gida. Babu garin da ba shi da bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro. A tsince ƴaƴansa, a wanke, a shanya a inuwa. A daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa da yamma, a tabbata ya sami bayan ganye inda ƙwarin ke ɓoye, a maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take kamar guba, shi ya sa wasu ke raina shi. Yana hana ƙwaro ci da girma ne, sai an yi haƙuri kuma an fara da wuri. Farin garin nan mai kama da toka da ke rufe ganyen kuɓewa da kabewa da hunturu, shi yana jin maganin farar wuta na gona, amma ba a fesa shi cikin zafin rana, yana ƙona ganye.

Abin da muke ƙi shi ne feshin makanta. A gona ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Tun shekarar 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi suke kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro, ana rataye shi cikin ƴan buhuna a gonaki, yana fita yana kashe murzunar da ke cin zangarniyar hatsi. Manoman da suka ga aikinsa sun san darajarsa. Irin waɗannan mataimaka suna nan a garka ma, suna cin darɓa da farin ƙuda. Guba ba ta tambayar suna, da su take farawa. Shi ya sa wani lokaci bayan feshi sai a ga jan gizo-gizon nan mai saƙa a ganyen tumatir da yalo ya fi da yawa, domin an kashe masu cinsa, shi kuwa maganin bai dame shi ba.

Sannan ga lafiyarmu. Garkar bayan gida ba gonar daji ba ce. Nan yara ke wasa, nan kaji ke kiwo, daga nan uwargida ke tsinko ganyen miya da yamma. Mun ga an fesa fiya-fiya a kan yakuwa da safe, an yi miya da ita da dare. Mun ga kwalbar magani ta zama ta man gujiya. Kowane magani na gaskiya yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce a jikinsa. Ƙasashen CILSS suna da kwamitin da ke tantance magungunan gona tun 1994, kuma wanda ya amince da shi yana ɗauke da lamba mai harufan CSP, da bayani cikin Faransanci. Da yawa daga cikin waɗanda ake bazawa a kasuwanninmu ba su da wannan lamba. Ku da kuka koyi karatu, ga wurin da zai yi muku rana. Harufa uku ne, ko ɗan aji na wata uku yana gane su.

Za a ce mana malamin gona yana da nisa, mutum ɗaya ne ga garuruwa masu yawa, shi kuwa mai magani yana nan kowace ranar kasuwa. Gaskiya ne, kuma muna kira ga hukuma ta dubi wannan. Amma hanya ba ta toshe ba. A garuruwa da dama akwai mutanen gari da ma'aikatar kare tsirrai ta horar kan feshi, akwai kuma waɗanda suka yi makarantar gona. A shekarar 2017 ƙungiyar RECA ta buɗe layin waya inda manomi ke tambaya da Hausa, ya aika hoton shukarsa ta WhatsApp. Wanda ke zuwa Maraɗi ya nemi bayani a ofishin majalisar manoma ta jiha.

Akwai abu guda da mutum ɗaya ba ya iya yi. Farin ƙuda da darɓa ba su san darni ba. Idan ka tuge naka, maƙwabcinka ya bar tsohon tumatirinsa yana bushewa a tsaye har wata biyu bayan ya gama tsinka, daga can za su dawo maka. Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun nuna cewa gari yana iya haɗa kai ya kafa doka a kan sassabe da tsaron itatuwa, har baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Abin da aka yi wa itace ana iya yi wa garka. Masu garake na wuri ɗaya su zauna da mai gari, su sa ranar da kowa zai tuge tsohuwar shuka ya ƙona, su bar ƴan makonni ba tumatir ba kuɓewa kafin a yi sabon reno.

Mun roƙi malaman azuzuwan da muke dubawa su ware rabin awa a mako don wannan. Duk wanda shukarsa ba ta da lafiya ya kawo ta aji. Kada ya kawo ganye ɗaya, ya tono tushen gaba ɗaya da saiwarsa, ya sa cikin leda ya ɗaure bakinta. A duba bayan ganye, a duba saiwa, a tsaga kara a ga ko cikinsa ya yi ƙasa-ƙasa. Kowa ya rubuta a littafinsa sunan shukar, ranar da aka shuka ta, abin da aka shuka a wurin bara, da alamar da aka gani. Abin da aji ya kasa ganewa, malami ya ajiye mana takardar, mu kai wa malamin gona, mu dawo da amsa a zagayenmu na gaba.